Farin Dutsen Jajimaji

Wanda ya san ƙasar Karasuwa ya san ba ƙasar dutse ba ce. Ka taso daga Nguru ka miƙe hanyar Gashua, ka ratsa Jajimaji, ba abin da idonka zai ci karo da shi sai rairayi da taɓo, goruba da aduwa, sai kuwa fadamun da ke cika in damina ta yi albarka. Mai ginin siminti a nan tifa yake jira ta kawo masa tsakuwa daga wata ƙasa.

Saboda haka ranar da wani mutum ya sauke buhu a ƙofar shagon kawuna, a kakar 2024, ya kwance bakinsa aka ga fararen duwatsu kowanne ya kai dunƙulen hannu, kafin la'asar zancen ya karaɗe layin 'yan riɗi. Mutumin ya ce rijiya yake haƙa a wata gona arewa da gari, ya kai gaba huɗu sai diga ta soma tartsatsi. Ya ce ya nuna wa waɗanda suka sani, sun ce masa litiyam ne, irin wanda 'yan Chana ke rububi a Nasarawa. Shi dai ba shi da ƙarfin sayen gonar. Mai ƙarfi yake nema, a saya, a haƙa, a raba.

Ba a ga laifin wanda zancen ya shiga kunnensa ba. A ƙarshen 2022 tan guda na tataccen dutsen litiyam ya haura dala 6,000 a kasuwar duniya, saboda batirin waya da na motoci masu aiki da lantarki. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar a Jihar Nasarawa, kowa ya ji a rediyo. Facebook kuwa cike yake da hotunan samari a bakin ramuka suna ɗaga fararen duwatsu. Kawu ya san riɗi da ido, ya san ƙaron da aka yayyafa wa ruwa don ya ƙara nauyi, amma dutse bai taɓa hawa sikelinsa ba. Ya aika aka kira ni, tunda ni ne malamin kimiyya a dangi.

"Ɗana, duba mini wannan abu," in ji shi. "Ni ba na cinikin biri a sama."

Na fara da abin da ke hannu. Duwatsun farare ne masu ɗan dishi-dishin toka, wasu da ɗan kore-kore. Wasu dogaye ne masu faɗi, da tsagi-tsagi a tsawonsu, gefensu da kaifi. Na goga wuƙa, ba ta kama ba. Wannan ya fitar da alli da farar ƙasa da kanwa, ya fitar da jifsin ɗin da ake haƙa a wajen Fika da Fune, wanda farce ma yana kankare shi. Amma fararen duwatsun da ke gagarar wuƙa suna da yawa, kuma mafi yawansu ba su da daraja.

Sai nauyi. Na aro ɗan sikelin masu gwal, na auna kowane gutsure a bushe, sannan na ɗora kofin ruwa a kan sikelin, na mayar da shi sifili, na rataya gutsuren da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. In ka raba ta farko da ta biyu, ka san sau nawa dutsen ya fi ruwa nauyi. Nan buhun ya rabu gida biyu. Wasu gutsattsarin sun tsaya a 2.6, wasu sun haura 3.1, 'yan kaɗan sun faɗa tsakani. Ido yana ganin dutse iri ɗaya, sikeli yana cewa iri biyu ne. 2.6 nauyin felsifa ne da kwaz, waɗanda suka cika kowane dutsen giranit a duniya. 3.1 kuwa nauyi ne da ya dace da sifodumin, ma'adinin da ake tatsar mafi yawan litiyam na dutse daga gare shi. Ya dace kuma da wasu ma'adinan da ba litiyam ko ɗigo a cikinsu.

Na ɗebi gutsattsari daga kowane gida na yi Kano, wurin wani mai sayen ma'adinai da aka kwatanta mini. Ya ɗauko abin da suke kira bindiga, na'urar hannu mai harba hasken eksire, ya ɗora bakinta a kan dutse mai nauyin. Allonta ya jero silikon da alminiyam da ɗan ƙarfe. Litiyam bai fito ba.

"Malam, dutsen banza ne," in ji shi, yana nuna mini allon. "Amma tunda ka sha hanya, in akwai sauran buhun kawo, na ba ka na mota."

Ruwa ba ya tsami banza. Mai cewa dutsen banza ne, me zai yi da sauran buhu?

Kayan yanka dutse da madubin duba shi suna nan a sashen nazarin ƙasa na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da ta Maiduguri, da kuma ɗakin binciken Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna. Ni wani abokin karatu ne ya haɗa ni da wani dattijo mai kula da ɗakin bincike a wata jami'a, wanda ya shekara da shekaru yana yanka duwatsun ɗalibai. Da na ba shi labarin bindiga sai ya yi dariya.

"Ai ba ta ganinsa," ya ce. "Litiyam shi ne na uku a jerin sinadarai, bayan haidurojin da hiliyam. Hasken da yake mayarwa in an harbe shi ba shi da ƙarfin da zai ratsa iska ya kai idon na'urar. Ko tsantsarsa ka ɗora mata, shiru za ta yi. Mai bindigar ya san haka sarai."

To, shaidar bindiga ta faɗi, amma faɗuwarta ba ta tabbatar da komai ba. Malam, wato dattijon nan, ya ce a yanka.

Aikin yankan yana da ban sha'awa. Ana fitar da ɗan guntu da zarton lu'ulu'u, a goge fuska ɗaya ta yi sumul, a manna ta a jikin gilashi da gam, sannan a yi ta gugar ɗaya fuskar da garin guga mai laushi har kaurin dutsen ya koma 0.03 na milimita. A wannan siranta kusan duk farin dutse haske yana ratsa shi. Wani Baturen Ingila mutumin Shefil, Henry Clifton Sorby, shi ya fara yin irin wannan salar dutse a 1849, kuma har yau kaurin 0.03 ɗin nan ake nema, domin duk jadawalin da masana suka tsara a kan wannan kauri aka gina shi. Malam ba ya amfani da ma'auni. Ƙwayar kwaz yake nema a cikin salar, ya leƙa launinta a madubi: in ta nuna rawaya, da sauran guga, in ta koma fari mai toka-toka, an kai.

Madubin masu duwatsu ya bambanta da na asibiti ta abu biyu. Faifan da ake ɗora gilashi a kai yana juyawa, kuma gefensa an zana digiri 360. Sannan yana da matatan haske guda biyu, ɗaya a ƙasa da faifan, ɗaya a sama wanda ake turawa ciki ko a zare. Ka ɗauka asabari biyu ne, ɗaya an rataya shi karansa a kwance, ɗaya an juya shi karansa a tsaye: abin da ya sulale ta tsakanin karan na farko, na biyu zai tare shi. In an haɗa matatan biyu babu dutse a tsakani, duhu kawai za ka gani.

Malam ya fara da mataci ɗaya. Na sa ido, na ga fili mai haske, babu launi ko kaɗan. Ɗan kore-koren nan da ake gani a hannu ya ɓace. Amma a cikin rashin launin akwai bambanci: wasu ƙwayoyin sun narke cikin gam ɗin har da kyar ake ganin iyakarsu, wata babba kuwa ta fito ɓaro-ɓaro, bakinta da baƙin layi mai kauri, fuskarta da ɗan kaushi.

Dalilin haka shi ne kowane abu mai ratsuwar haske yana karya hasken gwargwadon ƙarfinsa, kuma ƙarfin nan yana da lamba. Ta gam ɗin kusan 1.54 ce. Ta kwaz 1.54 zuwa 1.55, ta felsifa irin albait wajen 1.53, shi ya sa suke sajewa da gam. Wanda lambarsa ta yi nisa da ta gam shi ke fitowa. Amma nisa ta sama ko ta ƙasa? Nan Malam ya nuna mini dabarar da Friedrich Becke ya bayyana a 1893. Ya ɗan rage hasken, ya sauke faifan kaɗan, sai wani siririn layi mai haske da ke bakin ƙwayar ya gusa ya shige cikinta. Ƙa'idar ita ce in tazara ta ƙaru tsakanin gilashi da idon madubi, layin yana bin wanda ya fi ƙarfi. Ƙwayar ta fi gam nesa ba kusa ba. Ya kimanta ta a wajen 1.66. Da wannan kaɗai aka sallami kwaz da duk dangin felsifa, aka sallami fetalait, wani ma'adinin litiyam mai kama da wannan a ido, wanda lambarsa 1.51 ce, ƙasa da ta gam.

Daga nan sai tsagi. A ƙwayoyin da yanka ya bi tsawonsu, layuka ne miƙaƙƙu a jere, duk sun nufi gefe ɗaya. Malam ya yi ta tura gilashin har ya sami wadda yanka ya gitta ta a wuya. A cikinta layukan gida biyu ne, suna ƙetare juna suna fitar da ƙananan murabba'ai. Ya daidaita layi ɗaya da zaren gicciyen da ke cikin idon madubi, ya karanta digiri, ya juya faifai har ɗaya layin ya hau zaren, ya sake karantawa. 87. Ta ɗaya gefen, 93.

"Fairoksin," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Wannan lamba tana da tushe a can cikin ginin ma'adinin. A dangin fairoksin, silikon da iskar oksijin suna ƙulla sarƙa mai layi ɗaya, sarƙoƙin suna kwance a jere, dutsen kuwa in zai tsage ta tsakaninsu yake bi, inda riƙon ya fi rauni. Faɗin sarƙar ne ke sa hanyoyin tsagin biyu su haɗu a kusan digiri 90. 'Yan uwansu amfibol sarƙarsu mai layi biyu ce, ta ninka faɗi, don haka nasu tsagin yake haɗuwa a 56 da 124. Akwai farin amfibol mai suna tiremolait wanda nauyinsa ya kusa 3, dogo ne shi ma, kuma ya isa ya ruɗi mai saye a kasuwa. A ƙarƙashin madubi ba ya iya ɓoye 124 ɗinsa.

Sai dai fairoksin gida ne babba. Akwai ojait da ke cikin baƙin dutsen aman wuta irin na tsaunin Biu, akwai dayofsaid, akwai enstatait, ejirin, jedait. Ɗaya tak a cikin sanannunsu ke ɗauke da litiyam.

Malam ya tura mataci na sama. Filin nan mara launi ya rikiɗe. Kwaz da albait sun zama toka da fari, albait ɗin da ratsi-ratsin baƙi da fari a jere. Babbar ƙwayar kuwa ta yi rawaya, wata maƙwabciyarta ruwan lemo, wata ta kusa ja. Waɗannan ba launin dutsen ba ne. Haske in ya shiga irin wannan ma'adini rabuwa yake yi biyu, kashi ɗaya ya riga ɗaya fita, kuma ratar da ke tsakaninsu ce ke komawa launi idan mataci na sama ya sake haɗa su. Jadawalin da Michel-Lévy ya wallafa a Faransa a 1888 yana manne a bangon ɗakin, ya koɗe. Ka nemo launin da ya fi kowanne girma a cikin ƙwayoyinka, ka bi layin kaurin 0.03, ka karanta lamba a baki. Tamu ta faɗa wajen 0.016. Dayofsaid yana kaiwa kusan 0.03, kuma launukansa shuɗi ne da kore da rawaya mai ƙyalli na zagaye na biyu a jadawalin. Namu bai kai can ba. Amma Malam bai yarda a yanke hukunci da launi ba, domin sala in ta ɗan yi kauri ko siranta launi yana ƙarya.

Abin da ba ya ƙarya shi ne kusurwar duhu, kuma a nan muka fi daɗewa. In kana juya faifai, kowace ƙwaya tana mutuwa ta yi baƙi ƙirin sau huɗu a zagaye guda, tana sake farfaɗowa. Tambayar ita ce: a ina take mutuwa? Ka daidaita layin tsaginta da zaren tsaye, ka rubuta digiri. Ka juya a hankali har ta yi duhu, ka rubuta. Bambancin shi ne kusurwar.

Ya bar ni na gwada. Ƙwayar farko ta mutu nan take, tana kan zaren, wato sifili. Wata ta ba ni 9. Wata 17. Na ce, "Malam, ai kowacce da tata."

"Haka ne. Kowacce da yadda zarto ya same ta," ya ce. "Ginin wannan ma'adini a karkace yake ta fuska ɗaya kawai. In ka yanka shi ta gaba, ba za ka ga karkatar ba, sai ya ba ka sifili. In ka yanka ta gefe sosai, ka ga karkatar duka. Sauran suna tsakani. Nemi wadda launinta ya fi girma, ita ce aka yanka daidai."

Na koma kan mai kusan jan nan. 24. Na nemi wasu masu irin launinta: 23, 25, 24. Ba wadda ta wuce haka.

Ya jawo wani tsohon littafi ya buɗe, amma bai duba ba, da ka ya karanto. Enstatait sifili ne ko ta ina ka yanka shi. Ejirin bai cika wuce 10 ba, kuma kore ne shar ko da mataci ɗaya. Jedait ya haura 30. Dayofsaid da ojait daga 38 zuwa sama da 45. Tsakanin 20 da 26, a fairoksin mara launi mai irin wannan rata, sifodumin ne ke zaune.

Saura mai kama guda daga wajen dangi, wato kayanait, wanda shi ma yakan mutu a wajen 30 kuma yakan zo fari. Malam ya sauya idon madubi zuwa mafi ƙarfi, ya tura wani ƙaramin gilashi, sai ƙwayar ta ɓace, aka bar da'ira mai baƙin baka guda a ciki yana lanƙwasa in an juya faifai. Ya zura farantin jifsin, gefe ɗaya na bakan ya yi shuɗi, ɗaya ya yi rawaya. Daga inda shuɗin ya faɗa ya ce alamar ta tarawa ce, daga lanƙwasar bakan kuma ya ce kusurwar da ke tsakanin hanyoyin hasken biyu wajen digiri 60 ce. Kayanait alamarsa ta ɗebewa ce. Wannan mataki na ƙarshe, gaskiya, ido ne na wanda ya daɗe; ni shuɗi da rawaya kawai na gani.

Don ya faranta mini rai ya daka ɗan gutsure ya zama gari, ya ɗebo da waya ya sa a harshen wutar gas. Wutar ta yi ja wur. Garin dutse mara nauyin kuwa rawaya ya bayar, launin sodiyam. Jan nan shi Christian Gmelin ya lura da shi a 1818, shekara guda bayan Johan August Arfwedson ya gano litiyam a Sitokhom, lokacin da ya auna fetalait na tsibirin Uto lissafinsa ya ƙi cika, kusan kashi 4 cikin 100 suka ɓace masa. Daga wannan tsibiri ne kuma aka fara bayyana sifodumin a 1800, kuma wanda ya bayyana shi, José Bonifácio de Andrada, shi ne daga baya ya zama jigon samun 'yancin Barazil a 1822.

Na buga wa Kawu waya daga bakin ƙofa. "Kawu, na gaske ne. Kusan rabin buhun litiyam ne."

"Alhamdu lillahi! To gobe sai a kira mai gona."

Da na koma ciki na tarar Malam bai tashi daga kan madubin ba.

"Ina ka ce an haƙo wannan?"

"Karasuwa. Kusa da Jajimaji."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Zo ka ga maƙwabtansa."

Ni duk hankalina yana kan babbar ƙwayar, ban kula da abin da ke kewaye da ita ba. Albait mai ratsi, kwaz, wani felsifan mai zanen gicciye da ake kira maikurokilin, da fallayen farar maika masu launi garjajau. Dukkansu sun cusa cikin juna, ba rata, ba siminti a tsakani, kowanne ya tsiro ya tokare ɗan'uwansa. Wannan taro sunansa fegmatait. Shi ne ragowar ruwan giranit, na ƙarshen daskarewa, wanda ya tattara duk abin da sauran ma'adinai suka ƙi ɗauka, su litiyam da tantalam da kuza, ya kutsa cikin tsagogin duwatsu ya huce a can ƙarƙashin ƙasa. Sifodumin musamman sai da matsi mai yawa yake tsirowa, zurfin kilomitoci. Inda matsin ya yi ƙaranci fetalait ne ke fitowa a madadinsa. Ruwan da ke cikin narkakken dutsen yana sa ƙwayoyin su yi girman da ya wuce misali. A mahaƙar Etta da ke Dakota ta Kudu a Amurka an taɓa auna ƙwaya guda mai tsawon mita 14.

Irin wannan dutse a Najeriya an san mazauninsa. Tun 1946 Jacobson da Webb suka rubuta rahoto a kan fegmatait na tsakiyar ƙasar, lokacin kuza da tantalait ake nema. Zirin ya taso daga ƙasar Yarbawa, wajen Ijero da arewacin Oyo, ya ratsa Kwara da Kogi, ya bi ta Nasarawa da Wamba da kudancin Kaduna ya nufi Bauchi, tafiyar kilomita 400 ko fiye, duk a kan tsohon dutsen gindi, kuma shekarunsa wajen miliyan 500. Karasuwa kuwa tana cikin kwarin Chadi. Abin da ke ƙarƙashin gonakinta yashi ne da yumɓun da koguna da tsoffin tafkuna suka shimfiɗa, iska ta zo ta ɗora tuddan rairayi a kai. Dutsen gindin yana can ƙasa da nisan da digar mai rijiya ba ta isa. Gaba huɗu ko fatar wannan shimfiɗa bai huda ba.

"Ko ruwa ne ya kawo shi?" na ce. Kogin Hadejia da na Jama'are duk daga ƙasar dutse suka taso, kuma a kusa da Gashua suke haɗuwa.

Ya miƙo mini gutsuren. "Taɓa bakinsa."

Kaifi ne da zai yanki yatsa. A wata fuskar ma akwai fararen tabo inda guduma ta sauka. Tsagin nan biyu da suka taimake mu gane shi su ne rauninsa: in ruwa ya mirgina shi, tarwatsewa yake yi tun bai yi nisa ba, kuma in ya daɗe a jiƙe a ƙasa mai zafi ruɓewa yake ya koma yumɓu. A cikin salar, ƙwayoyin garau suke. Iyakar lalacewar da ke jikinsu wani siririn gezar albait da maika ne a bakin tsagi, irin wanda ruwan zafi ke yi tun dutsen yana can cikin ƙasa. Dutsen da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kogi ba haka yake zuwa ba, in ma ya zo.

Da na kai wa Kawu wannan bayani bai karɓa nan take ba, kuma hujjarsa mai kyau ce. "Machina fa? Ba ga duwatsu can ba? Nan da Machina ai ba nisa."

Gaskiya ne, akwai duwatsu a Machina. Sai dai masana sun lissafa su cikin dangin na Dutse da Ririwai da Jos, giranit ɗin da ya zo daga baya da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ya huce kusa da doron ƙasa. Fairoksin ɗin da aka san wannan dangi da shi ejirin ne, koren nan mai mutuwa ƙasa da digiri 10, kuma litiyam ɗin da ke cikinsu, kamar a Ririwai, a jikin maika yake zaune. Abin da ke cikin buhun ɗan wani gida ne.

Duk da haka na ga ya kamata a ba ramin damar kare kansa. Muka je da yaron shagon Kawu, ya sauka ya kankaro ƙasa daga bango da gindi, muka ƙulla a leda daban-daban. Na kai wa Malam, ya wanke ta, ya tace, ya baza ƙwayoyin a gilashi. In da gaske akwai jijiyar fegmatait a wurin, ƙasar da ke jikinta za ta cika da ɓaraguzanta: tsinken sifodumin, manyan fallayen maika, felsifa mai kusurwa, farin yumɓu. Abin da muka gani kwaz ne, kwaz, kwaz, ƙwayoyi mulmulallu da iska ta goge, da yawansu sanye da jan tsatsa. Can ba a rasa ba ƙwayar zarkon ko turmalin, su ma a mulmule, irin masu taurin ran da ke jure kowace tafiya. Ya bi gilashin layi-layi yana neman ƙwaya ɗaya mai tsagi wadda za ta mutu a ashirin da wani abu. Babu.

Akwai kuma abin da ba sai da madubi ba, wanda na tuna wa Kawu: a ƙarƙashin sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Sayen gona ba ya ba mutum abin da ke ƙarƙashinta, sai da lasisi daga Abuja.

Kawu ya sa aka kira mutumin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "Malam, dutsenka na gaske ne, an tabbatar. Gobe da safe mu je tare, ka ƙara gaba ɗaya a gabana, ni zan biya masu haƙa. Ko guda ɗaya ya fito, mun yi ciniki." Mutumin ya ce to, Allah ya kai mu. Da safe wayarsa a kashe. Mai gonar, da aka bincika, ya ce shi ma an yi masa alkawarin mai saye daga birni, an ce ya ninka kuɗi uku za a raba ribar.

Buhun ya rage a shagon, sai Kawu ya ce in lissafa masa abin da aka bar masa. Tsantsar sifodumin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa ne sinadarin litiyam da ake biya dominsa, kuma masana'antu kan sayi wanda aka tace ya kai kashi 6, su gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 kafin asid ya iya cinsa. A lokacin da muke wannan magana farashin tan ɗin ya riga ya faɗo ƙasa da dala 1,000. Ko da buhun kilo 50 ne cif, tatacce, an kai shi bakin jirgin ruwa, bai kai dala 50 ba. Namu rabinsa albait ne. Kuɗin motata zuwa Kano da jami'a da ladan yankan sala sun ci fiye da haka, kuma Kawu ne ya biya.